Daga Gusau Zuwa Zuba: Motar Tasha da Motar Waya

Wanda zai bar Gusau ya nufi Abuja ba shi da wani dogon zaɓi. Ko ka je tasha ka biya cikakken kuɗi, ko ka tsaya bakin titi ka tare wadda Allah Ya kawo don ka rage 'yan canji. Ni tasha nake zuwa. A wannan karon ina tare da 'yar yayata da aka kira ganawar neman aiki, domin uwarta ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta bi hanyar Funtua ita kaɗai ba. Yarinyar ta yi hidimar ƙasa a Ibadan, can ta saba kiran mota ta waya, kuma tun daga gida take yi mini wa'azin Bolt da Uber.

Ba mu yi sammako ba. Direbobin hanyar nan sun daina fitar asuba, sai rana ta ɗaga, motoci sun fara shigowa daga Tsafe, an ji labarin yadda hanya ta kwana. Ɗan kamasho ya miƙo mana takardar fasinja, kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da ta wani ɗan'uwa. Takardar ta sha maiƙo, biron kuma an ɗaure shi da zare a jikin katako. 'Yar yayata ta kalle ta a wulaƙance, ta zaga bayan motar ta ɗauki hoton lamba ta tura wa uwarta ta WhatsApp.

"Kawu, wannan takardar wa zai karanta ta?"

Na ce mata ranar da ake buƙatarta ana karantawa. Idan mota ta faɗi, ko aka tare ta aka shige daji da mutane, daga wannan takardar ake sanin su wa ke ciki, a kira danginsu. Direban kuma ba baƙo ba ne a tashar. 'Yan ƙungiya sun san gidansu, sun san mai motar, sun san wanda ya tsaya masa. Ka manta jaka a but, gobe ka zo ka same ta a ofis.

Ita kuwa ta ja ni wajen tayar baya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana cewa taya ta wuce shekara huɗu ta tashi aiki. Tamu 'yar Beljiyam ce, zanenta ya kusa shafewa, kuma shekarunta sun ninka huɗun nan. Na yi wa direba magana, ya buga ta da ƙafa ya ce, "Alhaji, wagga taya ta san hanya." Aka yi dariya, aka ci gaba da lodi. Motar Sharon ce, an ɗaure buhunan da suka fi ƙarfin but da igiya, murfin a ɗage. Mutum biyu a kujerar gaba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ba direban da ke yarda ya bar gurbin da zai ɗauki ko da yaro. Bel kuwa sai an hango 'yan hukuma direba ke jawo nasa ya ɗora a ciki, ko maƙala shi ba ya yi. Mu na baya ba a ma san inda namu ya shige ba.

Mun wuce dutsen Kwatarkwashi ana hira. Shingaye a jere, na sojoji, na 'yan sanda, ga Askarawan da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a farkon 2024. Da muka bar Tsafe sai hira ta mutu da kanta. Wata dattijuwa a bayana ta fito da carbi. Direba ya kashe rediyo ya sauke gilashi.

Can sai na ga ya rage gudu, ya gangara gefe kusa da wasu masu sayar da rake, ya tsaya. Ba wanda ya tambaye shi dalili sai yarinyar. Ya ce, "Ɗiyata, tun ɗazu kin ga mota ta taho daga gaba?" Ba ta lura ba, ni ma haka. Shi kuwa yana ƙirgawa a ransa. Titin da ba ya rabuwa da tirela da tanka, a ce an yi mintuna ba ko babur, to akwai magana. Ya kira wani direba da ya riga mu fita, wayar ba ta shiga ba. Ya kira wani a Yankara. Motoci uku suka taru a bayanmu, direbobin suka fito suna magana ƙasa-ƙasa. Muna nan har wata Golf ta ɓullo, mai ita ya ɗaga hannu ya yi wata alama da fitila, sannan wata tirela ta biyo. Ashe babbar mota ce ta lalace ta tare hanya. Direbanmu ya ce bismillah, muka tashi a jere.

Wannan ilimin ba ya cikin kowace manhaja. Taswirar waya za ta nuna maka hanya fes, ta ce saura minti kaza, alhali mutanen gari sun san ba a shiga wurin bayan la'asar. Maɓallin neman agaji na cikin manhaja da 'yar yayata take ta yabo kuma sai da sabis yake aiki, ga wayarta a wannan tsakanin layi ɗaya take nunawa, wani lokaci babu. Na tuna mata Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, mutane suna hawa mota har Funtua don kawai su kira 'yan'uwa ko su tura kuɗi. Motocin tasha ba su fasa fita ba a makonnin nan, da baki da fitila aka riƙa isar da labarin hanya.

Sai dai muna wuce Sheme muka shiga Funtua, tsoro ya sauka, direban nan da na gama yabo ya koma wani mutum. Ya taka mota kamar ana bin sa bashi. Tsakanin Giwa da Zariya ya sha gaban tanka a kan kwana, waya a kunne. Dattijuwar ta ce, "Direba, ka ji tsoron Allah, rayuka ka ɗauko." Ya ce yana so ya juyo da lodi ne kafin dare. Tun 2017 aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, amma allurar tasa motar ma ba ta motsi. 'Yar yayata ta raɗa mini cewa da a manhaja ne, tauraro ɗaya, wato mafi ƙarancin maki, za ta ba shi ta rubuta ƙorafi, kuma idan ƙorafi ya taru a kan direba ana iya rufe masa asusu. A tasha fa? Ka kai ƙara wurin mutanen da suke cin tuwo tare da shi, a ba ka haƙuri.

Kaduna zuwa Abuja ba abin faɗi sai aikin titin da aka fara tun 2018, da ƙura, da hannu ɗaya da ake haɗa kowa a kai.

Mun sauka Zuba ana kiran magariba. Masaukinmu yana Gwarinpa. A bakin titi ƙananan motoci suna ta tsayawa, wasu da fentin kore na tasin Abuja, da yawa babu fenti babu komai, kowace da mutum biyu ko uku a ciki. Na ɗauki jaka zan nufi ɗaya, yarinyar ta riƙe mini hannun riga. A nan ita ce ta san hanya. 'Yan wan-cans da irin waɗannan motocin suke aiki: waɗanda ka tarar a ciki ba fasinjoji ba ne, da an yi nisa sai a ɗaga gilashi, a karɓe waya, a tilasta maka ka faɗi lambar katin banki, a ƙarshe a turo ka waje, wani lokaci mota tana tafiya. Ba takarda, ba ɗan kamasho, ba wanda ya ga shigarka.

Ta buɗe ɗaya daga cikin manhajojin. Uber ta shigo Legas a 2014 ta iso Abuja a 2016, Bolt ta zo da sunan Taxify kafin ta sauya a 2019, ga inDrive da ake ciniki a cikinta kamar a kasuwa. Wayar ta nuna hoton direba, sunansa, launin mota da lambarta. Na farkon da ya karɓa ya kira ya ce ta soke tafiyar a waya, zai kai mu a biya shi a hannu, don kada kamfani ya cire kasonsa. Na ce ai ba laifi, talaka ne yana neman na mai. Ta ce, "Kawu, in na soke, da shi da waccan motar da na hana ka shiga duk ɗaya ne." Ta ƙi. Na biyun da ya zo, sai da ta haska lambar motar da fitilar waya, ta leƙa ta dubi fuskarsa ta gwada da hoton, domin akwai masu aron asusun wani su fito aiki. Sannan ta tura wa uwarta mahaɗin tafiyar. Yayata tana zaune a Tudun Wada a Gusau tana kallon ɗigon motarmu yana bin titin Kubwa.

Motar Corolla ce, mu biyu kaɗai a baya, kowa da bel ɗinsa mai aiki. Kuɗin ya ninka na motar bakin titi sau da yawa, wanda ke nufin mai ƙaramin albashi ba zai iya wannan kullum ba, shi ya sa 'yan wan-cans ba sa rasa fasinja. Direban ɗan Neja ne, yana jin Hausa. Da ya ji daga inda muka fito sai ya yi mana jaje, sannan ya ce shi ma da tsoronsa yake yawo. Mu mun ga hotonsa da lambarsa, shi kuwa sau da yawa suna kawai yake gani, kuma an sha kiran abokan aikinsa zuwa lungu da dare a ƙwace mota, wasu har a rasa rai. Ya ce da kiran nan daga cikin wata unguwa ya fito a irin wannan lokaci, ba zai karɓa ba. Ya karɓa ne don ya ga tasha ce, ya kuma ji muryar mace.

Da za ta koma Gusau ni ina da sauran hidima a Abuja. Motar waya ta kai ta Zuba da safe, na bi ta har cikin tasha, muka duba tayoyin motoci biyu kafin ta zaɓi ta uku a layi, ta yarda ta jira a cika. Ta rubuta lambata a takardar fasinja, na karɓi lambar direba, shi kuma ya ce in ya wuce Tsafe zai kira ni.