Kafin ka yi wa tsohuwar kwamfuta fomatin

Ranar Asabar na leƙa gidan ƙanwata a Ƙofar Marusa, na tarar da babban ɗanta a zaure ya ɗora tsohuwar HP ɗin mahaifinsa a cinya, filash a soke a gefenta, waya a hannunsa yana kallon bidiyo. Na tambaye shi me ake ciki. Ya ce, "Kawu, nauyi take yi, fomatin zan mata in zuba sabuwar Windows." Da yake fomatin goge abin da ke cikin kwamfuta ne, na ce ya kwashe abin da ke ciki? Ya ce ai babu wani abin kirki. Kwamfutar da ubansa ya yi shekaru yana rubuta lissafin shago da sunayen masu bashi a cikinta, wai babu abin kirki! Na karɓe ta na rufe. Ya ɓata rai, ban kula ba.

A 2012 ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a wajen Ƙofar Ƙaura. Jarina duka Dell ce guda ta tebur, Beljiyam, mai Windows XP. Ɗalibai daga foli da jami'a su ne masu ciyar da ni: su kawo furojet a rubuce da hannu, in buga, malaminsu ya gyara, su dawo in sake gyarawa. Rumbun kwamfutar a rabe yake gida biyu, C mai ɗauke da Windows, D mai ɗauke da aikin mutane. Da ta fara nauyi, in ka kunna ta sai ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba, sai na ƙudurta zan goge komai in sa Windows 7, wadda kowa ke yabo a lokacin.

Na kwashe kayan, ko in ce na ɗauka na kwashe. Na ja duk abin da ke kan fuskar kwamfutar na jefa a filash, na ga sunayen sun bayyana, hankalina ya kwanta. Ban buɗe ko ɗaya ba. Ashe shotkot ne kawai, alamomin da ke nuna hanya zuwa D, ainihin takardun suna can ban taɓa su ba. Da faifan Windows ya kawo ni inda ake tambayar a ina za a zuba ta, na ga gida biyu, sai na goge su duka don ina son ta fito fes.

Zan iya kare kaina, kuma na sha yi. A lokacin rumbun ajiya na waje ya fi ƙarfin aljihuna. Intanet ta modem ce, ka loda kati ya ƙare kafin shafi ya gama buɗewa. Bairos ya addabe mu, kowane ɗalibi ya zo da filash ɗinsa ya soka ya bar maka tsiya, kuma duk masu shagon da na sani fomatin ne maganinsu na kowace cuta. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Duk wannan gaskiya ne. Amma buɗe takarda guda a cikin filash ɗin nan ba ya buƙatar kuɗi ko malami, minti ɗaya ne, ban yi ba saboda ina ɗokin ganin sabon abu.

Abin da ya fi ci mini rai ma ya zo daga baya. Da na ga babu komai, maimakon in kashe ta in nemi wanda ya fi ni sani, sai na ci gaba da zuba Office da manhajar zane ta CorelDraw don kada in rasa cinikin washegari. Goge gida a rumbu ba ya share takardu nan take, bayanin inda suke kawai yake cirewa, suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Akwai manhajoji na kyauta irin su TestDisk da PhotoRec da kan tono su. Ni da hannuna na yi ta rubutu a kan aikin mutane har ya tafi.

Akwai wata malamar firamare, uwar 'ya'ya, da ke karatun ƙarshen mako. Babi huɗu na furojet ɗinta na wurina, takardun da ta rubuta da hannu kuwa ta bar su a shago na zubar tun da na buga. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, amana na ba ka," ta gyara mayafinta ta fita. Na mayar mata da kuɗinta, na ce zan sake buga mata kyauta, amma me zan buga? Har yau in na hango ta a kasuwa sai in ji nauyi. Wani lokaci nakan ce ita ma ya kamata ta riƙe kwafi. To, ni na ce mata kada ta damu, komai na cikin kwamfuta.

Kuma bayan duk wannan, nauyin bai tafi ba. Rumbun ne ya tsufa yana ƙara, Ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, 1GB ce, fanka ta toshe da ƙurar hunturu. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na so in jera muku shawarwari da yawa, amma na san ba za ku karanta ba. Ku yaran yanzu bidiyon minti biyu ya ishe ku zama injiniyoyi, danna nan, danna can, ba ku tsayawa ku karanta abin da allo ke tambayarku. Saboda haka ga kaɗan.

Kada ka yi fomatin. Yawancin nauyin tsohuwar kwamfuta daga ƙarfenta yake. Buɗe ta a hure ƙura, a ƙara Ram, sannan ka sayi SSD, wato sabon samfurin rumbu mai sauri, ko da mai 128GB ce. Cire tsohon rumbun ɗungurungum, ka sa sabon, ka zuba Windows a kansa. Tsohon ya zauna a durowa da komai nasa, in ka tuna wani abu ka sa shi a ɗan akwatin USB ka ɗauko. Wannan ita ce hanyar da ba ta da nadama.

In babu kuɗin, ko bairos ya riga ya cinye ta, to yi fomatin ɗin, wani lokacin babu makawa. Amma ka kwashe kaya zuwa wuri biyu, ka kai wata kwamfutar ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya da idonka. Kada ka ajiye su a filash ɗin da za ka zuba Windows da shi, domin Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filash da ita, na share shi tas kafin ya rubuta, kuma sai mai 8GB zuwa sama. Ɗan ƙanwata filash ɗaya gare shi, ko wannan bai sani ba. In kwamfutar ba taka ba ce, kira mai ita ya tsaya a kanka ya nuna abin da yake so. Kai ba ka san abin kirki a kayan wani ba.

Sauko da direban Wi-Fi, wato manhajar da ke sa shi aiki, tun kafin ka fara, in ka manta kuwa haɗa wayarka da kebul ka ba ta intanet. Kada ka fara alhali batirin ya mutu kana dogaro da wutar gari, nemi inda ke da sola ko inji. A HP, danna maɓallin F9 yayin kunnawa ke kawo jerin inda za ta tashi ka zaɓi filash, a Dell F12. In ta taɓa zama da Windows 10 mai lasin, sake zuba irinta, Home ko Pro, lasin ɗin zai dawo da kansa da ta ga intanet. Ka guji Windows ɗin da aka yi wa kutse da ake zubawa a wasu shaguna, ba ka san me aka cusa a ciki ba.

Na so in ce ku kai wa gwani kawai ku huta, amma na ga masu kiran kansu gwanaye suna goge D ba tare da sun tambayi kowa ba. Gara ka koya da kanka, a kan kwamfutar da ba ta ɗauke da amanar kowa.

Wace Windows ɗin ma za ka zuba? Microsoft ta daina kula da XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 na neman wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, kuma yawancin injunan Intel da suka girmi zubi na 8 ba ta karɓarsu. Rufus na iya tsallake wannan shingen, na sani, kuma na san shi za ku yi ko na hana. Ni dai tsohuwar kwamfuta mai Ram 4GB Linux Mint nake sa mata a madadin Windows, samfurin Xfce mara nauyi. Kyauta ce, tana zuwa da LibreOffice, madadin Office, kuma za ka iya tayar da ita daga filash ka gwada ba tare da ta taɓa rumbunka ba. Sai dai in da CorelDraw kake cin abinci ba za ta yi maka ba, kuma ka jarraba firintarka a kanta tun kana cikin gwajin, kafin ka danna maɓallin zubawa.