Rafin duwatsu na lambu: ina ruwan yake tafiya?

Yawancin masu kiranmu kan rafin duwatsu na lambu, wato rafin ado da ake ginawa, famfo (injin tura ruwa) na kai ruwa sama daga tafkin da ke ƙasa ya gangaro ya koma, maganarsu ɗaya ce: robar da aka shimfiɗa a ƙasa ta huje, a zo a canza ta. Mu da muke wannan sana'a mun san ba kasafai roba mai kyau take hujewa ba. Hanyoyin da ruwa ke bi ya gudu suna da yawa, tone duwatsu kuwa shi ne abu na ƙarshe da ake yi.

Da awo ake farawa. A kashe famfo, a jira ruwan cikin rafin ya gama gangarowa tafkin ƙasa, a yi alama a bakin ruwan. A cika bokiti a ajiye kusa, shi ma a yi masa alama. Bayan awa 24 a duba. Idan sun ragu daidai, rana da iska ne suka sha. Idan tafkin ya fi raguwa, a ƙyale shi ya yi ta sauka har ya tsaya da kansa. A layin da ya tsaya hudar take. Idan kuwa ba ya raguwa sai famfo na aiki, to laifin yana jikin rafin ko a bututun da ke kai ruwa sama.

Abin da rana ke sha ba kaɗan ba ne. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rafi da tafki masu faɗin murabba'in mita 7, in sun sauka milimita 5 a yini, lita 35 ke nan ta tafi alhali babu huda ko ɗaya. Ruwa marar zurfi da ke bin dutse mai zafi ya fi haka saurin ƙafewa. Inuwa da shingen tare iska suna ragewa, haka ma kashe famfo da tsakar rana idan babu kifi a ciki.

Inda muka fi kama ɓarawon shi ne bakin roba. Ƙasar da aka tara a gefen sabon rafi tana lotsawa bayan watanni, ko wani ya taka dutsen gefe, sai bakin robar ya sunkuya, ruwa ya riƙa tsallakewa a hankali ta ƙarƙashin tsakuwa inda ido ba ya gani. A bi gefe biyu da hannu famfo na aiki, ana neman ƙasa mai danshi ko ciyawar da ta fi sauran kore. In an samu, a ɗaga robar, a cusa ƙasa a bayanta a daddaɓe sosai. Mu ba ma barin bakin roba ya gaza santimita 8 zuwa 10 sama da ruwa mai gudu, kuma rarar ninke ta muke yi, ba ma yankewa, domin wata rana za a bukace ta. Ganyen da ya toshe wata kwana ma yana ɗaga ruwa har ya haura baki.

Sai tsotso. Duk inda ƙasar lambu, saiwa, ko kyallen da ke ƙarƙashin roba ya taɓa ruwa, zai riƙa jansa waje kamar lagwanin fitila, dare da rana. A raba su da ruwan gaba ɗaya. Dutse mai shan ruwa, irin na yashi, idan rabinsa na ciki rabinsa na waje, shi ma haka yake yi.

Wurin da ruwa ke faɗowa yana da nasa hasarar. Ƙa'idar da muke bi: idan tsayin faɗuwar santimita 30 ne, roba ta rufe aƙalla santimita 60 kewaye da inda yake sauka. Ruwan ya faɗa cikin ɗan gurbi mai zurfi, kada ya daki fuskar dutse ya fantsama. Sau da yawa rage ƙarfin famfo da bawul ya isa. Baƙin kumfan da ake fesawa tsakanin duwatsu yana tilasta wa ruwa bin saman dutse ne kawai, ba ya toshe yoyo, ko da mai sayarwa ya rantse.

Abin da ke ba mu haushi shi ne masu kwaikwayon aikin da ledar gini ko tampol, su lulluɓe da duwatsu masu kyau. Mai lambu kuma ya zo yana ciniki a kan kyallen ƙasa, wai ai ba a ganinsa. Wannan kyallen ne ke hana tsinin dutse da saiwa cin robar. Mu robar EPDM, wata irin roba mai laushi da ake shimfiɗa wa tafki, mai kaurin milimita 1 muke sawa, falle ɗaya daga sama har ƙasa in zai yiwu. In dole sai an haɗa biyu, ta sama ce ke hawa kan ta ƙasa, a daidai wurin da ruwa ke faɗowa. Siminti zalla kuwa tsagewa yake yi da zarar ƙasa ta motsa.

Idan an tabbatar huda ce, a wanke wurin, a bari ya bushe sarai, a shafa maganin share fage na EPDM, wanda ke sa faci ya kama, a manna faci mai zagayayyun kusurwa wanda ya zarce hudar da santimita 5 ta kowane gefe, a murza shi da ƙarfi kafin a mayar da ruwa.