Godiya Bayan Saukarmu Lafiya a Tsaunin Mambila

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa ni da iyalina mun sauka lafiya a Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda kwamitin da'awa na masallacinmu ya turo ni karantarwa na tsawon shekara 2. Kwana 3 muka yi a hanya tun daga Sakkwato, sai a rana ta huɗu bayan la'asar muka shigo gari.

Godiyata ta farko ga mahaifiyata take, wadda ta ɗaure ta sa wa tafiyar albarka alhali ba ta so a yi nisa da jikokinta ba, sannan ga dattawan kwamiti da suka ɗauki nauyin mota da mai da guzuri. Su ne suka hana mu yin asubanci, suka ce mu jira rana ta fito saboda halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ciki, kuma da muka wuce Tsafe na ga hikimar maganarsu. Ina gode wa waɗanda suka sauke mu a Zariya da Gombe da Jalingo. A ko'ina mun tarar da ruwan wanka da tuwo suna jiranmu, ko da kuwa dare ya yi nisa.

Akwai mutum guda da ya wajaba in ware shi. Bayan mun wuce Bali da Serti, muka fara hawan dutse daga Mayo Selbe, a kan hanyar da take murɗewa kamar igiya, dutse ta wannan gefe, rami mai zurfi ta wancan. Motarmu ta sha kaya, domin kwalayen littattafai da alluna sun fi kayan ɗakinmu nauyi. Ba mu kai rabi ba lagireto ya tafasa, tururi ya turnuƙe gaban mota, direba ya sa wa tayoyi weji da duwatsu, yara suka fara kuka. Muna cikin haka wani bawan Allah ya tsaya da babur ɗinsa. Ya duba inji, ya ce tiyo ne ya fashe, ya gangara ƙasa ya sayo wani, ya ɗebo ruwa a jarka daga wani rafi, ya tsuguna yana ɗaurewa da hannunsa har muka gama sallar azahar da la'asar a haɗe a gefen titi. Da na miƙa masa kuɗi sai ya ƙi karɓa, ya ce shi Kirista ne, amma ya ga baƙo da yara a kan dutse, ba zai iya wucewa ba. Ko sunansa ban samu tambaya ba, kuma wannan sakaci yana damuna har yanzu. Allah Ya saka masa da alheri.

Haka nan ina gode wa matan Nguroje da suka ga 'ya'yanmu suna karkarwa cikin rigunan da suka dace da zafin Sakkwato, suka fito musu da barguna da shayi mai zafi na ganyen da ake nomawa a garin Kakara, nan kan tsaunin Mambila. An gaya mana akwai sanyi, amma ji ba gani ba ne.

Liman da jama'ar unguwar da aka sauke mu sun share gida sun ajiye itace tun kafin mu iso. Na lura cewa Fulatanci ne harshen da ya fi haɗa mutane a kasuwa da masallaci, ni kuwa nawa bai wuce na gaisuwa ba, saboda haka wani ɗalibi ya amince zai riƙa yi mini tafinta, ni kuma zan zama ɗalibinsa da dare.

Za mu buɗe karatu ranar Asabar bayan sallar asuba, in Allah Ya yarda, kuma da tsarki da salla za mu fara. Waɗanda suka kira ba su same ni ba su yi haƙuri, zan bi kowa da amsa a hankali. Ina roƙon ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalamu alaikum.