Abin da nake fara koya wa sabbin 'yan sa-kai a lambu

Duk wanda ya zo horon aikin lambu na sa-kai, da ɗokin shuka yake zuwa. Ni kuwa ba na barin kowa ya taɓa iri a ranar farko. Sai in ce ya durƙusa, ya damƙi ƙasa mai ɗan laima, ya matse ta. In ta wargaje nan take, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta dunƙule tana danƙo, yumɓu ce, saiwa za ta rasa iska. Maganinsu ɗaya ne: takin da ya ruɓe sosai.

A kan takin nan nake daɗewa, domin shi ne ran lambu. Busassun ganye kashi 2 ko 3, ɗanyen ciyayi kashi 1, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. Tarin da ya kama yakan yi zafi har wajen digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, zafin da ke kashe yawancin 'ya'yan ciyawa. In ya fara wari, ko dai ruwa ya yi yawa ko iska ba ta shiga. Ina jin daɗin ganin fuskar mai koyo a ranar da ya cusa hannu cikin tarin ya ji ɗumi.

Darasin ban ruwa ba ya cin lokaci: da sassafe, a gindin tsiro, ya ratsa ƙasa sosai.

Damuwata ita ce wanda aka horar ya riƙe ilimin shi kaɗai. Shi ya sa kowane ɗan sa-kai nake ba shi fangali guda da sabon mai koyo guda, ya nuna masa gwajin ƙasa da kansa, ni ina gefe ina saurare.