Waɗanda aka bari a ɗakin girki a tsofaffin finafinan Kirsimeti

Duk watan Disamba gidajen talabijin na Amurka sukan kakkaɓo tsofaffin finafinan Kirsimeti su sake haskawa, kuma duk wanda ya zauna ya kalle su a jere zai lura cewa garuruwan da ke cikinsu kusan na farar fata ne zalla, alhali ko a wancan zamanin ƙasar ba haka take ba. A cikin It's a Wonderful Life na 1946, baƙar fatar da aka ba ta bakin magana ita ce Annie, 'yar aikin gidan su Bailey, wadda Lillian Randolph ta fito a matsayinta. A Holiday Inn na 1942 kuwa Louise Beavers ce mai girki, sannan jarumin fim ɗin, Bing Crosby, wanda farar fata ne, ya shafa wa fuskarsa baƙi ya rera waƙa, wai don karrama Abraham Lincoln, shugaban da ya ayyana 'yantar da bayi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da yawa daga masu wannan aiki su kansu baƙi ne da suka zo daga wasu ƙasashe, suka san zafin raini. A tsibirin Sisili na Italiya aka haifi Frank Capra, wanda ya ba da umarnin fim ɗin 1946, shi kuma Irving Berlin, wanda ya rubuta waƙoƙin Holiday Inn, Bayahude ne da iyayensa suka yi ƙaura da shi daga daular Rasha. Capra ya nuna iyalin Martini, 'yan asalin Italiya, suna tarewa a gidansu na kansu duk da ƙyamar da attajirin garin yake yi wa irinsu, amma Annie ba ta samu wannan rabo ba. Akwai dalilin doka da na kasuwa: ƙa'idar tace finafinai ta Hays, wadda aka tsananta a 1934, ta hana nuna soyayya tsakanin baƙaƙe da farare har zuwa 1956, kuma masu tacewa a jihohin Kudu na ƙasar, irin su Lloyd Binford na birnin Memfis, sukan yanke wuraren da baƙar fata ya fito da mutunci. Kamfanoni ba sa son asarar kuɗin Kudu, sai suka bi.

Wasu tashoshi yanzu sukan cire waƙar Lincoln ɗin kafin su haska fim ɗin. Ni dai ban ga hikimar hakan ba, domin mai kallo zai tashi da zaton cewa zamanin ya fi yadda yake tsabta, gara a nuna shi cikakke tare da bayani a gabansa. Gyaran da ya fi gamsar da ni shi ne irin na 1996, lokacin da aka ɗauki labarin The Bishop's Wife na 1947 aka mayar da shi cikin cocin baƙar fata, aka kira shi The Preacher's Wife, Denzel Washington ya gaji Cary Grant a matsayin mala'ika, Whitney Houston kuma ta zama matar fasto mai jagorantar mawaƙan cocin.