Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: 'Yar Kwalbar da Na Ɓoye a Aljihun Kwat

A makon jiya mun tsaya ne a ranar da aka sallame ni daga rundunar sojan Amurka a shekarar 2011, na koma gidanmu da ke unguwar Bronx a birnin New York da jaka biyu da ciwon baya da kuma dare marar barci. Shekaru bakwai da suka biyo baya ba su da labari mai yawa, domin kwanakinsu sun yi kama da juna, kuma abin da na fi tunawa a cikinsu shi ne wata 'yar roba mai gida bakwai, kowane gida da sunan ranarsa, wadda uwargida take cika mini da ƙwayoyi duk daren Juma'a bayan ta kwantar da yara.

Iri biyar ne a cikinta. Akwai oksikodon, ɗan uwan kodin da tiramol da mutanenmu suka sani, wanda aka ba ni saboda bayan da ya lalace tun ranar da bam ya tashi da motar da ke gabanmu a hanyar Kuwaiti zuwa Bagadaza a 2007. Akwai gabafentin na ciwon jijiya, da satralin na ciwon firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, da firazosin na mugayen mafarkai, sai kuma kulonazefam, 'yar ƙaramar ƙwayar da nake sha idan ƙirjina ya fara dukan uku-uku. Ba na zargin likitocin da suka rubuta mini su, domin kowace ƙwaya ta zo ne a ranar da na je ina kuka da wani abu, kuma kowacce ta yi aikinta. Sai dai da suka taru sun mayar da ni wani mutum dabam. Sallar asuba ta koma ta hantsi, kaina kullum kamar an ɗora masa dutsen niƙa, 'yata ta fari tana ba ni labarin makaranta ina kallon bakinta ba tare da na riƙe ko kalma ɗaya ba. Tun 2013 Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta fara wani shiri na rage ba da magungunan dangin oksikodon, a 2016 kuma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta fitar da gargaɗi mafi tsanani game da haɗa su da dangin kulonazefam, saboda haɗin yana iya tsayar da numfashin mutum yana barci. An fara rage mini a hankali, amma ragewar ta dawo da ciwon, ciwon kuma ya kori barcin da dama ƙalilan ne.

A farkon 2019 ne, a zaman da mu tsofaffin sojoji muke yi duk Talata, wani dattijo da ya yi yaƙin Biyetnam ya zaro wata 'yar kwalba ruwan ƙasa mai murfin matsi ya ajiye a kan tebur, ya ce tun da ya fara ɗiga wannan mai a ƙarƙashin harshensa yake samun barcin awa shida. Sunan abin CBD, wani sinadari da ake cirowa daga tsiron wiwi. Ya yi mana bayanin cewa a watan Disamban 2018 aka sa hannu a kan dokar noma wadda ta cire wani nau'in wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi na tarayya, wato nau'in da Turawa ke kira hemp, wanda ake nomawa domin igiya da tufafi da mai, muddin sinadarin THC da ke sa maye bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba. A nan ya kamata in gyara wani kuskure da nake yawan ji a bakin mutanenmu, masu fassara wannan tsiro da rama. Ramar da muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, muke kuma tuƙa igiya da ɓawonta, 'yar uwar yakuwa ce, ba ta haɗa komai da wannan ba. Shi wannan wiwi ne tsantsa ta fuskar jinsi, bambancinsa da na 'yan shaye-shaye yana cikin yawan abin da ke bugarwa ne kawai.

Wannan kalma ta wiwi ita ce ta tsaya mini a maƙogwaro har tsawon wata guda. Na tashi a gidan da ko warinsa aka ji a rigar yaro sai an tara masa dangi, kuma a idona abu ne na 'yan daba da zauna-gari-banza. Amma wanda ya shekara goma sha biyu bai yi barcin kirki ba, ba shi da ƙarfin yin gardama mai tsawo da zuciyarsa. Wata ranar Laraba na tsaya a wani shago da ke jikin gidan mai, na sayi kwalba ɗaya a kan dala 45, na jefa ta a aljihun ciki na kwat ɗin sanyi, inda na san uwargida ba ta taɓawa. Da dare na shiga banɗaki na kulle, na matsa rabin bututun a ƙarƙashin harshe, na riƙe na minti ɗaya kamar yadda aka rubuta. Ɗanɗanonsa kamar an jiƙa busasshiyar ciyawa a man zaitun, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na zauna a bakin baho ina jiran in ji kaina ya juya, ina istigfari tun kafin laifin ya tabbata, amma babu abin da ya faru. A dare na biyar ko na shida ne na lura cewa na kwanta ƙarfe goma sha ɗaya, ban kuma ga ƙarfe ɗaya a agogo ba.

Daga nan ne na yi wautar da ta kusa hallaka ni. Da na ga barci ya samu har mako uku, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa na warke, na riƙa juye gidan kowace rana na robar nan a cikin shara ba tare da kowa ya sani ba. A rana ta huɗu hannuwana suka fara rawa har na kasa ɗaure igiyar takalmi, gumi yana karyo mini cikin sanyin Maris, ƙarar cokali a kan faranti tana shiga kunnena kamar harbi. Uwargida ta same ni a durƙushe a ƙofar banɗaki da tsakar dare, ta kira motar asibiti, kuma a garin neman katina ta sa hannu a aljihun kwat. Har yau ina ganin fuskarta a hasken farfajiyar asibitin, tana riƙe da kwalbar mai hoton ganyen nan mai yatsu, muryarta ƙasa-ƙasa don kada ma'aikata su ji, ta ce, "Maigida, duk haƙurin da muka yi, ashe wiwi za ka koma sha?" Ban iya ba ta amsa ba. Likitan da ya karɓe ni ya ce mai yanke kulonazefam farat ɗaya bayan shekaru yana iya faɗuwa da farfaɗiya, wani ma ba ya tashi, kuma Allah ne ya sa aka kawo ni da wuri.

Bayan mako guda na je wurin likitata ta kullum da kwalbar a hannu, ina tsammanin faɗa ko ma a yanke mini haƙƙoƙina. Ta juya kwalbar ta karanta bayanta, sannan ta faɗa mini matsayin ma'aikatarsu yadda yake tun 2017: ba a hana tsohon soja kulawa ko haƙƙinsa don yana amfani da wani abu na wiwi, ana so ma ya faɗa don a rubuta a fayil ɗinsa, amma ita ba ta da ikon rubuta mini shi, kuma ma'aikatar ba za ta biya kuɗinsa ba. Ta ce maganin CBD ɗaya tak hukumar FDA ta amince da shi, wato Epidiolex, a watan Yunin 2018, shi ma domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara, ba domin firgici ko ciwon baya ba. Ta ce hanta ce ke sarrafa CBD da irin sinadaran da take sarrafa magunguna da yawa, saboda haka yana iya sa wani maganin ya taru a jini fiye da kima, musamman warfarin mai tsinka jini da wasu magungunan farfaɗiya, kuma da yawansa yana iya wahalar da hantar kanta. Abin da ya fi girgiza ni shi ne binciken da ta ba ni labari, wanda aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2017, inda aka sayi kayan CBD iri 84 ta intanet aka auna, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, an kuma sami THC a cikin 18 daga cikinsu. Ta tambaye ni ko kwalbata tana da takardar gwaji daga wani ɗakin bincike mai zaman kansa. Muka duba tare, babu ko lambar da za a bi a nema.

Saura tambayar da likita ba za ta iya amsa mini ba. Bayan sallar Juma'a na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da limaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, ina da matsala," na kwashe komai na faɗa masa har da daren asibiti. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya karanto hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ya ce don haka abin dubawa shi ne ko wannan mai yana bugarwa idan an sha da yawa. Na gaya masa abin da likita ta ce, cewa shi CBD a kan kansa ba ya gusar da hankali, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a ga alamar yana jawo kamu ba. Ya ba ni shawarar in nemi wanda aka tace babu THC a cikinsa ko kaɗan, in sha shi a matsayin magani da sanin likita, kuma in daina ɓoye wa iyalina, domin a cewarsa ɓoyewar ta fi damunsa a kan man. Maganar nan ta ƙarshe ita na fi jin nauyinta a hanyar komawa gida.

Daga nan kwalbar ta bar aljihu ta koma kan teburin cin abinci kusa da robar ƙwayoyi, uwargida ce ma take duba takardar gwajin kowace sabuwar kwalba a wayarta kafin a buɗe. Ina shan miligiram 25 bayan sallar isha'i, ana ɗibar jinina lokaci-lokaci don duba hanta, likita kuma tana rage ƙwayoyin da ɗan kaɗan-kaɗan, wani lokaci kwata ɗaya a wata. Sai da muka yi wata goma sha huɗu kafin biyar su koma biyu. Kuma tun da tarihin rayuwata nake bayarwa, dole in raba wa kowa haƙƙinsa. Man ya taimaka mini wajen shiga barci da sassauta ɗaurewar ƙirji da yamma, wannan ba na shakkarsa a jikina. Bai taɓa ciwon bayana da komai ba, wannan aikin masu gashin ƙashi ne da iyo a ruwa sau uku a mako. Bai kuma kori mafarkin motar nan mai ci da wuta ba, abin da ya rage shi zama goma sha biyu ne da na yi da likitar ƙwaƙwalwa, inda ta sa na rubuta abin da ya faru ranar da hannuna, na karanta da bakina, muka bi tunanin da ke gaya mini cewa laifina ne har muka warware shi. Satralin har yau ina shan sa.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga tallar da ake yi da tutar ƙasa da hoton soja, ana nuna wa mutum cewa ya zubar da magungunansa ya rungumi kwalba. A ƙasar da fiye da tsofaffin sojoji 6,000 ke kashe kansu duk shekara, irin wannan talla wasa da rai ce, kuma ni na san inda take kai mutum domin na je ƙofar wurin. Ƙa'idar jinya da ma'aikatar tsofaffin sojoji da ta tsaro suka fitar tare a 2023 ta ba da shawarar kada a yi amfani da wiwi ko abin da aka ciro daga gare shi wajen maganin ciwon firgici, saboda hujjar da ake da ita ba ta kai ba. Amma kuma ba na tare da masu ɗaga hanci su kira duk wanda ya gwada ɗan ƙwaya, domin wanda ya kai ga sayen kwalbar nan yawanci ya riga ya gaji da rayuwa cikin hazo, kuma abin da yake buƙata shi ne likitan da zai zauna ya saurare shi. Ƙananan da suke cikin kaki har yanzu, idan suka tambaye ni a masallaci, ina gaya musu kai tsaye cewa rundunar ta haramta musu shi ko da doka ta halatta wa farar hula. Haka nan 'yan uwanmu direbobin manyan motoci, domin ɗan THC da ya ɓuya a kwalba yana iya fitowa a gwajin fitsari, kuma ba a karɓar uzurin cewa CBD mutum ya sha.

A ƙarshen 2021 aka kira ni daga Kano cewa jikin Hajiya ya yi tsanani, tana ta tambayar yaushe sojanta zai zo. Daren da nake haɗa kaya, na ɗauki kwalbar na sa a jaka, uwargida ta sa hannu ta ciro ta mayar kan tebur, ta tuna mini cewa dokar Najeriya ta haramta wiwi, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano ba wurin da zan tsaya ina yi wa jami'in NDLEA bayanin kashi 0.3 ba ne. Na tafi da ƙwayoyina biyu da takardar likita, ina fargabar yadda darare ashirin da ɗaya za su kasance. Yadda na sami Hajiya, da abin da ta faɗa mini a daren farko da na kwana a ɗakinta, shi ne za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.