Ga ƙannena zabaya, kan tsoron wuƙar likita

Ƙannena, duk ƙurjin da ya fito muku a kunne, leɓe, hanci ko ƙeya, ya yi ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake ɓawo, har wata guda bai warke ba, ku kai shi gaban likita. Fatarmu ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana, shi ya sa ciwon dajin fata ya fi yawa a cikinmu, kuma inda rana ke duka nan yake fara fitowa.

Nawa a gefen kunne ya fito, bai fi ƙwayar wake ba. Likita ya ce a yanke, na gudu, domin tun muna yara ake gaya mana wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya watsu. Na koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Wannan magana ta ci mutane da yawa, kuma na gane inda ta samo asali: sai ciwo ya riga ya ci jiki ake zuwa asibiti, in mutum ya rasu a ce wuƙa ce.

Da na tsaya, aikin ƙarami ne. Allurar kashe zafi a wurin kawai, kana farke, a yanke ƙurjin tare da kamar milimita 4 zuwa 6 na lafiyayyar fata a kewayensa, a ɗinke, ka kwana a gidanku. Da na dawo ya riga ya kama guringuntsi, sai da aka cire wani sashen kunnen, aka ɗebo fata daga cinyata aka lulluɓe wurin. Ciwon cinyar ma ya fi damuna, kuɗin kuwa ba a magana. Na yi sa'a bai kai ga kaluluwar wuya ba, da sai an buɗe wuyan, wataƙila a haɗa da gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura a asibiti.

Abin da aka yanke ana kai shi ɗakin gwaji a duba ko an cire shi kakaf. Kada ku bar takardar sakamakon nan a asibiti don kun ga wuri ya warke. In ta nuna akwai saura, a sake yanka. Kuma wanda ya yi sau ɗaya yana iya sakewa a wani wurin, don haka malfa, riga mai dogon hannu da man kariyar rana sun zama dole, haka komawa a duba fata duk ranar da likita ya sa muku.